Kaset ɗin Hajiya Rahmatu

Shekara ashirin da uku ina shago ɗaya a Ƙofar Guga, tun ina gyaran bidiyo har na koma juya tsofaffin kaset zuwa filashi. Aikin ya ishe ni, idona ya gaji, bayana ma ya daina yi mini kara. Na kuma san dattawan garin nan. Mutum zai kawo fim ɗin barkwanci na da, ya ce in cire waƙe-waƙen, da iyali za a kalla. Tun ina tambaya har na daina. Da na ji kiɗa ya tashi, yatsana ke tsayar da ɗauka da kansa.

Ran Talata Hajiya Rahmatu ta zo da kaset ƙulle cikin ɗankwali. Bayan doguwar gaisuwa ta ce na marigayi maigidanta ne, tana so ta riƙa kallo. Ba ta ƙara komai ba. Zaren kaset ɗin duk ya yi fumfuna, na gaya mata sau ɗaya zai jure wa inji, in ma ya jure. Ta ce in yi.

Fim ne na wani maigadi matsoraci da ɓarawon da ya fi shi tsoro, da waƙa uku a ciki. Duk na bar waƙoƙin suka wuce ban ɗauka ba, ina ɓare gyaɗa. Ina gamawa zaren ya tsinke, ya cukurkuɗe cikin inji kamar taliya.

Ran Alhamis ta dawo, na kunna mata ta gani. Ba inda ta yi dariya. Sai da maigadin ya ɗauki garaya ya buɗe baki ta gyara zama. Hoton ya yi tsalle, sai ga shi a kasuwa yana gudu.

"Malam Ezekiel, ina waƙar?"

Na ce na cire, kamar yadda aka saba.

Ta nuna maigadin a allon. "Shi wannan baki kawai yake motsawa. Muryar maigidana ce, tun yana saurayi. Kunya ce ta hana ni faɗa maka."

Na ce zan cigita a Kano, ta ce shekara shida tana cigiya, wannan ne kaɗai ya rage.

"To ai kai ka ji ta," in ji ta. "Ɗan rera mini farkonta, ya ɓace mini."

Ban san yadda zan gaya mata cewa in waƙa ta zo har sautin nake kashewa ba.