Zarton da Ya Dakushe

Baba kafinta ne, kuma taurin kansa ya fi na katako. Da likita ya ce ciwon dajin ya riga ya bazu, sai dai a lallaɓa, muka dawo da shi gida. Kowa ya tambaye shi jiki, amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Alhali ina kallon yadda yake damƙe gefen katifa har jijiyoyin hannunsa su tashi. Ya daina cin abinci, ya daina faɗa da kowa. Ba abin da ke ƙona mini rai kamar wannan "da sauƙin".

A da, maganin rage zafi mai ƙarfi sai a babban asibiti, shi ma sai an kwantar da mutum. Bana gwamnati ta sake tsari: ma'aikatan jinya na kawo shi har gida, su auna wa majinyaci gwargwadon zafin da ya faɗa. Matsalar ita ce Baba ba ya faɗa.

Nas ɗin da aka turo mana wata gajeruwa ce mai takalmin roba. Zuwan farko ya sallame ta da "da sauƙi", ta bar masa magani ɗan kaɗan, bai yi masa komai ba. Da ta dawo na tare ta a bakin ƙofa.

"Anti, wallahi ƙarya yake miki!"

"Na sani," in ji ta. "Amma jikinsa ne, daga bakinsa nake son ji."

Ta shiga, ta ja kujera, ta ƙura wa akwatin kayan aikinsa ido.

"Baba, ni ban san komai a kafinta ba. Abin nan da ke cikinka, da wanne ya yi kama? Ƙusa ce ake bugawa, ko guduma?"

Baba ya yi tsaki. Ba ya jure jin an yi kuskure a sana'arsa.

"Ƙusa ai sau ɗaya take shiga, 'yata. Wannan zarto ne. Wanda ya dakushe, ba ya yankewa, ba ya tsayawa."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Ni kam kuka na yi sosai, don ban taɓa jin ya amsa cewa wani abu ya fi ƙarfinsa ba.

Nas ta ƙara ma'aunin, ta ce mu riƙa ba shi kan lokaci, kada mu jira sai zafin ya taso.

Ba warkewa ya yi ba, mun san da haka. Amma bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ya tashi zaune da kansa ya nemi shayi. Da ya muskuta, gadon ya yi ƙara. Ya ɓata fuska.

"Wane mugun kafinta ne ya haɗa gadon nan?"

"Kai ne," in ji Inna.

Ya yi dariya har shayin ya zuba a rigarsa, sannan ya ce in miƙo masa guduma.