Ruwan Tokar Masahudu

Gado ya karɓe langar miya daga hannun Bawah, ya juye ta a magudanar kicin, ya sakar mata famfo.

Bawah ya tsaya da murfin langar a hannu. "Baba, Masahudu ya ce in yi. Miyan kuka ne."

"Daga yau ba abin da zai fito daga tukunyarka ya shiga ɗakinsa."

Su ukun a bene ɗaya suke a unguwar Muntaza ta birnin Doha, cikin wani tsohon gida da 'yan Arewa suka cika. Gado direban bas ɗin ma'aikata ne, shi ne babba a gidan, kuma maganarsa ake ji. Ƙofarsa na kallon ta Masahudu, mutumin Ƙauran Namoda, mai gadi a wani fili da ke Sana'iyya, unguwar masana'antu. Bawah ɗan zangon Kumasi ne, kamfanin gadi ɗaya suke da Masahudu, shi ke dafa wa gidan abincin Juma'a.

A shekarar da Doha ta cika da gine-gine saboda wasannin Asiya ciwon ya kama Masahudu. Ciki ya fara, sai amai, sai yatsu suka daina jin ɗumin kofin shayi. Baƙaƙen ɗigo suka feso masa a tafin hannu. Mutumin da ke hawa bene da buhun shinkafa ya koma hutawa a kowane mataki.

Gado ya zuba ido, ya ga abin da ya gani. Bawah kan yi wa Masahudu miya daban, amma bai taɓa kai ta bakinsa ba, wai tana ƙaiƙayi a maƙogwaro. Bawah a rana yake gadi, a ƙofar wani gini, alhali Masahudu na da ɗaki mai na'urar sanyi, kuma an ji Bawah ya ce da a ce shi ne a wurin, da ya yi ƙiba. Sannan ga gwangwanin. A saman gida Gado ya same shi, bayan tankunan ruwa, an huda gindinsa an shimfiɗa tsumma, wani ruwa rawaya-rawaya na ɗiga cikin kwalba. Ya ga Bawah ya hau ya sauko da kwalbar a aljihu.

Bai ɓoye ba. Ya faɗa wa mutanen gida bayan Magariba. Aka daina cin abincin Juma'a, aka daina amsa wa Bawah gaisuwa da kyau. Har wani ya ce a kai maganar wurin kafil ɗinsa, wanda ke riƙe da takardunsa, a sa shi a jirgi. Gado ya ce a dakata tukuna. Bai ce kar a yi ba.

Ya shiga wurin Masahudu da shayi da burodi. Majinyacin ya leƙa kofin ya yamutsa fuska.

"Baba Gado, ina miyata? Ko kai ka shanye?"

Gado ya zauna bakin katifa ya tambaye shi gwangwanin. Masahudu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ai shi da hannunsa ya huda shi. Ruwan toka ne. Kanwa ba kullum ake samunta a Suk Wakif ba, ga shi ana ta rushe kasuwar ana sake ta, kuma ko an samu, shi miyar kanwa ba ta kai masa ta toka. Haka innarsa ke yi: ta ƙona karan gero, ta zuba tokar a tsohuwar tukunya mai huji, ta tari ruwan da ke tsiyaya ta sa a kuka. Shi ya koya wa Bawah.

Gado ya san ruwan toka. Da shi ya girma. Da toka uwarsa ke wanke kwano, da ita ake barbaɗe bakin masai, ita ake zuba wa wake a rumbu kar ya yi ƙwari. Toka ba ta kashe mutum. In dai abin da ke gwangwanin toka ce, to an ƙara wani abu a kwalbar, kuma hannun da ke ɗaukar kwalbar ɗaya ne.

"Kana kare shi," in ji Gado.

"Kai dai ba ka son Hausarsa, shi ke nan. Don ya ce miya ne, bai ce miya ce ba."

Da ƙafafunsa suka kumbura aka kai shi asibiti. Dakta Zulkiflu, Bakano mai zama a Aziziya, wanda suke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a, ya zo duba shi. Gado ya ja likitan gefe ya zayyana masa komai, miyar da gwangwanin da kwalbar. Likitan ya saurara har ƙarshe.

"Baba, tokar me?"

"Toka dai."

"Wa ke girki da itace a Doha?"

Kowa da gas yake dafuwa. Gado bai taɓa tambayar kansa ba.

Masahudu ne ya amsa daga kan gado, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce a wurin aikinsa take, tuli guda kamar dutse, laushi kamar garin alkama. Jirgin ruwa ke kawo ta daga wata tashar wutar lantarki a ƙasar waje, ana haɗa ta da siminti. Yakan ɗebo a leda, ba wanda ya taɓa hana shi.

Likitan ya ce wannan ba tokar kara ba ce. Ta kwal ce, gawayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da wuta ta kasa ci a cikinsa akwai guba iri-iri. In ruwa ya ratsa ta, yakan tafi da gubar. Ya tambayi Masahudu wane ruwa yake sha a wurin gadi, ya ce na tanki. Likitan ya ce ba zai rantse cewa ita kaɗai ce ba, amma ƙodojin sun riga sun gaji.

Gado ya raka shi har ƙofa yana kallon bayansa. Yana ganin likitoci ba su son a ce sammu, sai su laƙa wa abu wani suna.

Masahudu ya cika da hantsi, rana ta haska tagar ɗakin. Abu na ƙarshe da ya nema shi ne a jiƙa masa leɓe. A maƙabarta Bawah ya tsaya a ƙarshen sahu, ba wanda ya matsa masa wuri a gaba.

Gado ne ya je Sana'iyya kwaso kayan mamacin. Tulin tokar na nan a tsakiyar fili, an rufe shi da tamfol da ya yayyage, iska na kwasar ta kamar hayaƙi. Ɗakin gadin na gindin tulin. Bayansa akwai tankin ƙasa, murfinsa ya tsage. Ruwan saman da aka yi da sanyi ya bar hanyarsa, farin zane daga tulin har bakin tankin. Gado ya durƙusa ya leƙa. Wata fatar toka na kwance a kan ruwan. Ya ɗauki butar shayin Masahudu ya sa yatsa a ciki, ya fito da shi fari fat.

Mudir ɗin wurin, wato manaja, ya ce ruwan tankin na wanke mota ne, na sha a gora ake kawowa, khalas, magana ta ƙare. Gado ya duba ɗakin lungu-lungu bai ga gora ko ɗaya ba. Ya ga kofi ɗaure da igiya a bakin tankin, igiyar ta yi baƙi saboda hannu.

Da ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Ya hau saman gida ya ɗauko gwangwanin ya ɗaure a leda ya jefa a bola.

Ran Juma'a bayan an sauko, mutanen gida na zaune a barandar bene suna cin shinkafar da suka sayo a shagon Indiyawa 'yan Kerala. Ƙofar kicin a buɗe take, Bawah na tsaye kan 'yar ƙaramar tukunya, girkin mutum ɗaya. Gado ya shiga ɗakinsa ya fito da kwanonsa. Ya ratsa ta gabansu a hankali don kowa ya gani, ya tsaya a bakin kicin ya miƙa kwanon.

"Zuba min."

Bawah ya dubi kwanon, ya dubi magudanar da ke gefensa. Ya mayar da murfi kan tukunyar, ya kashe gas.

"Ba zan zuba maka ba, Baba."