Bunsurun Beruji

Duk ƙauyenmu babu wanda bai san bunsurun nan ba, ko don warinsa. Tun yana ƙarami Set Gewarcand, attajirin 'yan addinin Jain, masu ƙin kashe duk wani mai rai, ya fanshe shi daga wuƙa, ya kai shi gaban gunkin Beruji, aka huda masa kunne aka sa zoben tagulla. Bunsuru mai zobe ba a yanka shi, ba a dukansa, na Beruji ne har ya mutu don kansa. Shi ma ya san da haka, shi ya sa yake cinye wa mata alayyahu a kasuwa yana kallon idonsu.

Mijina Punaram mahauci ne. Shi yake yanka wa tsohon gidan sarautar Takur, wanda aka mayar otal, ni kuma ina wanke-wanke a kicin. Ranar bikin wasu masu kuɗi daga Mumbai, bunsurun ya shigo tsakar gida da hantsi, ya cinye furannin rumfar aure, ya tunkuyi uwar amarya ta zube a ƙasa. Ni kam na yi dariya har da riƙe ciki.

Jorawar, ɗan Takur, mai kula da otal ɗin, bai ga abin dariya ba. Ya kira mijina ya ce, "Yanka shi."

"Ranka ya daɗe, da zobe a kunnensa."

"Na tambaye ka abin da ke kunnensa?"

"Hannuna ba zai iya ba, ranka ya daɗe."

Jorawar ya kwaɗa masa mari, ya zaro takobin kakansa da aka rataye a bango don baƙi su ɗauki hoto. Takobin ya daɗe da dakushewa. Ya yi ta sara, bunsurun na kuka kamar jariri, jini na fallatsa a bango, har wuyan ya karye. Sannan ya yar da takobin ya ce wa mijina, "Kwashe ƙazantar nan, ka bi ta ƙofar baya."

Ƙofar baya kuwa tana fita ne lungun da ke tsakanin haikalin 'yan Jain da wurin Beruji, kuma lokacin mutane ke fitowa daga bauta. Suka ga mahauci jina-jina, da bunsuru mai zobe a kafaɗa. Ba wanda ya tsaya tambaya.

Ihu ne ya fito da ni. Na tarar da Punaram a ƙasa, makiyaya sun rufe shi da gora. Wani ya taka masa hannun dama, wani ya sauke dutse a kai, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Set Gewarcand na tsaye a matakala cikin fararen kaya, da ƙyalle a baki don kada ya haɗiye ƙwaro. Na faɗi a ƙafarsa.

"Setji, Jorawar ne ya kashe shi. Da idona na gani."

Ya kalli katangar otal, inda rabin 'ya'yan ƙauyen ke neman abincinsu, ya kawar da kai. Ya ce wa makiyayan, "Kada ku zubar da jini a ƙofar haikali."

Sai suka ja mijina da ƙafa zuwa gaba kaɗan, suka ci gaba. Har yau in na ga farin ƙyallen nan zuciyata tafasa take.

Punaram ya daina kare kansa. Na san ƙiris ya rage in zama gwauruwa. Na durƙusa kan mushen, na fizge zoben har kunnen ya tsage, na kutsa tsakiyarsu. Gora ɗaya ta same ni a gadon baya. Na kama kunnen mijina, na danna tsinin zoben har ya ɓulla, na matse shi.

"To, ga shi nan," na ce. "Na Beruji ne. Wanda ya isa ya taɓa."

Suka dubi Hamira, tsohon da ke kula da gunkin. Ya sunkuya ya daɗe yana duban kunnen, sannan ya ce, "Zobe ya shiga. Amma ranar da ya cire shi, ba ruwan Beruji."

Aka sauke gorori.

Punaram ya rayu, hannun dai ya shanye. Ko da bai shanye ba, mai zobe ba ya riƙe wuƙa, kuma ba mai sayar masa da akuya. Matan da mazansu suka farfasa masa haƙarƙari su ne yanzu ke ajiye masa gurasar roti a ƙofa, suna taɓa ƙasa a gabansa. In ya ratsa kasuwa, 'yan tasha su yi masa kukan bunsuru. Ni ina nan ina wanke wa Jorawar tukwane, don ciki ba ya jira.

Rannan na gaji da shirunsa na ce, "Maigida, ka yi ta fushinka. Ni dai ina da miji."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Je ki tambayi Beruji ko zai ara miki shi."