Faɗin Babban Yatsa

Shekara arba'in da shida Clarrie Wundke ya yi yana ɗinka takalma a garin Burra, kuma duk makiyayi ko mai askin tumakin da ya taɓa zura ƙafa a aikinsa zai gaya maka mutumin ya iya. Abin da ba za su faɗa a gabansa ba shi ne, ya san ya iya, kuma nan gizo ke saƙar. Ya rufe shago amma bai rufe baki ba. Ko a coci idonsa na ƙasa, yana yanke wa takalman mutane hukunci.

Doka ɗaya ya gada daga maigidan da ya koya masa sana'a: takalmin yaro a bar masa faɗin babban yatsa a gaba, saboda gobe. Clarrie ya riƙe ta kamar addini, kuma yana da dalili. Da kwancen yayansa ya tashi, takalman da suka matse shi shekara da shekaru, har yau yatsun ƙafarsa a kan juna suke kwance.

Jikarsa Tamsin shekararta sha biyu, rabinsu a kan ƙanƙara ta yi su. Uwarta Raelene tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ba Asabar ba Lahadi, don haka Clarrie ne ke ɗaukar yarinyar sau uku a mako zuwa filin wasan zamiya a kan ƙanƙara da ke birnin Adelaide, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, da fulas ɗin shayi a tsakaninsu. Bai san komai game da wasan zamiya ba, bai kuma damu ya sani ba. Shi dai ya san in ta tashi sama tana juyi numfashinsa kan tsaya, sai ta dira yake dawowa.

Ƙafarta ce matsalar: gaba faffaɗa, dunduniya siririya. Duk takalmin kanti sai ya ci ta. Kocinta, Malama Ilona, ta ce gasar jiha na nan tafe a watan Oktoba, wadda duk ta yi fice za a ɗauke ta cikin 'yan wasan jiha, kuma Tamsin za ta iya in har tsallen nan mai juyi biyu da rabi ya zauna mata. Amma ba zai zauna a takalmin kanti ba. Sai an ɗinka mata nata, a kan awon ƙafarta, a wata masana'anta da ke ƙasar waje.

Wata Asabar cikin watan Mayu mai awo ta zo daga Melbourne, wata mata mai gajeren gashi da ba ta ɓata magana. Ta baje samfuran fata a kan benci. Tamsin ta zaɓi fara, da laushin ciki ruwan toka. Malama Ilona ta zaɓi taurin, mai ƙarfi sosai a idon sawu. Clarrie ya ɗauki guntun fatar ya lanƙwasa, ta ƙi lanƙwasuwa.

"Wannan fata ce ko katako?" ya ce. "Ko doki ba na yi wa wannan."

"Tsoho, don Allah kar ka fara," in ji Tamsin. "Kai da ko tsayuwa ba ka iya yi a kan ƙanƙara."

"Ja'ira. Ni na ɗinka miki takalmin farko, kina rarrafe kina cin ƙasa."

Mai awo ta tsayar da yarinyar a kan farar takarda, ba safa, ta bi gefen ƙafar da baƙin fensir, manne da fata. Ta zagaya tef ta ja shi tsam, ta rubuta lambobi. Clarrie yana tsaye a kanta kamar mai gadi.

"Baiwar Allah, ba ki bar mata wuri ba."

"Ba a bari, Baba. Wannan takalmin so ake ya kama ƙafa kamar fatar jiki. In dunduniya ta motsa ciki, ƙarfen zamiyar da ke ƙasan takalmin ba zai bi ta ba."

"Yaushe za su iso?"

"Mako goma sha huɗu."

"Mako goma sha huɗu! Yarinya 'yar sha biyu? Ai kafin nan ƙafar ta wuce takardar."

"An yi lissafin wannan," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Wannan rashin ɗago kan ya fi maganar yi masa ciwo. Takardun na buƙatar sa hannun uwa, Raelene kuwa tana wurin aiki, sai aka sa su a ambulan aka ba Clarrie: a sa hannu a Burra, ya kai gidan waya.

Ranar Litinin da hantsi, Raelene ta sa hannu ta fita, Tamsin na makaranta, Clarrie ya shiga tsohon ɗakin aikinsa da ke bayan gida da ambulan a hannu. Ya daɗe yana kallon zanen ƙafar, 'yar ƙarama, an ɗaure ta da layi ba wurin shaƙar iska. Ya dubi nasa yatsun cikin silifa. Abin da babba ya hango, ya ce a ransa, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle wata 'yar birni mai tef. Ya ɗauko sabuwar takarda da jan fensirinsa mai faɗi, ya kwafi zanen tsaf, ya ɗora babban yatsa a gaban yatsun, ya zagaya. Ya sassauta dunduniyar kaɗan. Ya gyara lambobin su dace, don aikin gwani ne, ba inda za a kama shi. Ya liƙe, ya kai gidan waya, ya dawo yana fito. Ba mugunta a ciki, ko ƙwayar zarra. Ƙauna ce, da girman kai, kuma shi kansa bai san inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara ba.

Ƙarshen watan Agusta akwatin ya iso Burra. Tamsin ta kwashe shi zuwa ɗakinta da gudu, ta ce ba wanda zai gani sai ta ɗaure. Ta jima a ciki fiye da yadda ɗaure igiya ke ɗauka. Da ta fito, fararen takalman na ƙwas-ƙwas a kan daɓen katako, Clarrie ya durƙusa ya danna gaban da yatsa yadda ya saba. Fatar ba ta nuna masa komai ba.

"Yaya, uwar ɗakina?"

"Daidai, Kaka," ta ce. Ba kasafai take ce masa Kaka ba, amma murna ta hana shi lura.

Aka ɗaura wa takalman ƙarafan zamiya a Adelaide, ta hau ƙanƙara, ta fara faɗuwa. Malama Ilona ta ce sabon takalmi haka yake, sai ya saba da ƙafa. Mako guda, mako biyu. Tsallen da a da take samu sau uku cikin biyar ya koma sau ɗaya, daga nan ya ɓace.

"Tamsin, dunduniyarki na ɗagawa a ciki?" Malama Ilona ta tambaya daga bakin shinge.

"A'a, Malama."

"Kin tabbata? Dirarki kamar ta mai takalmin wani."

"Ni ce ban nutsu ba."

Clarrie yana benci na biyu, ya ji komai. Nan take ya gane aikin jan fensirinsa ne. A hanyar gida ya dube ta ta gefen ido: cinyarta duk shati, tana cin burodi da ƙwai tana kallon gonakin alkama. Ya buɗe baki. Sai ya tuna Raelene, da yadda ta yi wata bakwai tana karɓar aikin wasu don takalman nan, da cewa abin da aka ɗinka wa mutum ba a mayarwa. Ya rufe bakin. Ya ce ranar Laraba zai faɗa. Laraba ta zo ya ce Asabar. Ya riƙa lallashin kansa cewa ƙafar yaro kamar kabewa take, dare ɗaya sai ta cika wuri. Tsoro ne kawai, tsoron tsoho da bai taɓa cewa "na yi kuskure" a kan takalmi ba.

Saura kwana tara gasa, ranar Alhamis da yamma, Tamsin ta zagayo da gudu, ta tashi, ta juya sau biyu da rabi cif, kyakkyawan tsalle irin wanda ba ta yi ba tun hunturu. Ta dira a ƙafar dama. Takalmin ya tsaya inda ya dira, ƙafar da ke ciki ba ta tsaya ba. Clarrie ya ji ƙarar daga benci na biyu.

Masu motar asibiti suka yanka takalmin daga sama har ƙasa da wani babban almakashi kafin su iya zare ƙafar. Wani ya miƙa wa Clarrie shi, don shi ne ke tsaye ba abin yi. Ya zura hannu ciki. A can gaba ya taɓo wani abu mai laushi, ya jawo: curin gashin tumaki, an danne shi ya yi tauri, ya ɗauki siffar yatsu. Ya san gashin. Daga buhun da ke bayan ƙofar ɗakin aikinsa ne. Ya ɗora babban yatsansa a kai, faɗinsu ɗaya.

Washegari da rana likita ta yi musu bayani a tsaye. Karayar ta bi ta wurin da ƙashi ke girma, an sa ƙusoshi biyu. Shekara guda ba ƙanƙara. Tsalle kuwa, ta ce kada a yi wa yarinya alkawari. Raelene ta riƙe ƙarfen gado, idonta ja wur.

"Wallahi sai na rubuta wa kamfanin nan. Da matar nan mai awo. Su lalata min ƙafar 'ya su zauna lafiya?"

"Mama, ƙishi nake ji," in ji Tamsin. "Lemo, ba ruwa ba."

Da uwar ta fita, yarinyar ta juyo da kai a kan matashi. Fuskarta ta faɗa, amma bakin na nan.

"Tsoho, ka yi shiru kamar an kama ka da satar kaza."

Ya fito da curin gashin daga aljihu ya ajiye a kan bargo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da akwatin ya zo. Sun mayar da takardar awon a ciki. Matar nan da baƙin fensir ta zana. Wa ke da jan fensir mai faɗi a duniyar nan in ba kai ba?"

"To don me ba ki faɗa ba? Don me, Tamsin?"

"In na faɗa Mama ta ji, shi ke nan ni da kai. Wa zai riƙa kai ni?" Ta ja bargo. "Kuma ai kullum kana cewa yaro cika takalmi yake yi. Kowace safiya sai na taka takardar in gani ko na kai jan layin. Saura kaɗan ne, Kaka. Na ɗauka zan kai kafin Oktoba."

Clarrie ya so ƙasa ta tsage. Da ta zage shi, da ta yi kuka ta ce ya fita, da ya samu abin riƙewa. Ya miƙe ya tari Raelene a baranda, da gwangwanin lemo a hannunta, ya gaya mata komai, tun daga hantsin Litinin ɗin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi kamar baƙo.

"Sau nawa ka kai ta bayan ka gane?"

"Sau goma sha ɗaya."

"Je ka gida, Baba."

Oktoba ta zo ta wuce, aka ɗauki wasu yara uku. Raelene na gaishe shi in sun haɗu a kicin, gaisuwar maƙwabta. Motar ta zauna ƙarƙashin rumfa har gizo-gizo ya yi saƙa a madubi. Garin neman gira an rasa ido, Clarrie ya san karin maganar tun yana yaro, bai taɓa zaton da shi take ba. Ya jefa jan fensirin a murhu, bai ji sauƙin komai ba. Takalman biyu ya ajiye su a kan teburin aiki, na dama a tsage, na hagu lafiya lau, ya kasa zubarwa, ya kasa kallo.

Wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da a da suke kan hanya, ya ji takun Tamsin a tsakar gida, ɗaya mai nauyi ɗaya mai ja. Ta shigo ɗakin aikin da sanda guda. Ta ƙara tsayi. Ƙafar dama ta rame, idon sawun ya kumbura ya ƙi saɓewa, kuma likita ta daina cewa shekara guda, ta koma cewa a dai ga yadda hali zai yi.

Ta zauna a kan kujerar da makiyaya ke zama a gwada musu takalmi, ta ɗauko na hagun, ta zaro gashin tumakin da ke cikinsa ta yar. Ta zura ƙafa, ta ja igiya rami bayan rami har sama, ta ɗaure. Ta dafa tebur ta miƙe a kan ƙafa ɗaya, ta gwada ɗaga dunduniya. Ba ta motsa ba.

"Ka gani, Tsoho?" ta ce. "Yanzu ya yi daidai."