Injin da Ke Ciwon Baya

Wanki da guga Auta take yi a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, kuma duk wanda ya ga hannayenta kafin ya ga fuskarta sai ya gaishe ta da ladabi, a zatonsa wata dattijuwa ce. Garin sabulu ya gama da yatsunta. Abu ɗaya take so a duniya, injin wanki. Ta ma san wanda take so, wani fari mai murfi ta sama da ke shagon bakin titi. In ta kai wa mutane kayansu takan bi ta can su gaisa da ido.

Babban wanta, wanda kowa a gidan ke ce wa Yaya har da Inna da ta haife shi, bai taɓa sayar da ko ashana ba. Amma ya taɓa zuwa taron bita kan bunƙasa ƙananan sana'o'i, aka rataya masa kati mai igiya a wuya. An watse taro tuntuni, kati bai sauka ba. Inna ta rantse ta ga ya fito daga wanka da shi.

"Auta," in ji Yaya, "matsalarki ba jari ba ce. Hangen nesa ne ba ki da shi."

"Yana fitar da dattin wuyan riga?"

Bai kula ta ba, ya shiga zayyana mata hanyoyin samun jari, suka kuma bi su ɗaya bayan ɗaya. Banki ya ce ta kawo takardar fili, ita da ko ƙasar da ke jikin takalminta ta titi ce. Baffa ya ce shi ba ya wasa da zumunci, ya zuba mata addu'a mai tsawo har dutsen gugarta ya huce. Wani attajiri da Yaya ke kira mai zuba jari ya saurare su da kyau, ya jinjina kai, sannan ya sa aka kawo mata manyan rigunansa ta wanke, ya nemi ragi.

Saura ofishin tallafi. Su sharaɗinsu ɗaya ne, za su turo jami'i ya ga sana'ar da kayan aikinta.

"Wato in ina son inji, sai na nuna ina da inji," in ji Auta.

"Shi ake kira tsari."

Kawu mai gyaran firji yana da gawar wani injin wanki a bayan shagonsa. An kwashe kayan cikinsa kaf, bayansa a buɗe, kyanwa ta haihu a ciki. Aka ba kyanwa haƙuri, aka ɗauko shi a baro. Auta ta goge shi har ya yi sheƙi, aka jingina shi da labulen ƙofar da ke shiga cikin gida. Dabarar Yaya mai sauƙi ce. Da rana ba a kawo wuta a layin, don haka ba wanda zai ce a kunna. Ranar da jami'i zai zo, Inna ta idar da salla ta roƙi Allah kada a kawo wuta, ta ce bakinta har nauyi yake don bai saba ba.

Jami'i ya iso da jaka da takalmi mai ɗaukar ido, biro jere a aljihun kwat kamar 'yan makaranta. Yaya ya gabatar da Auta a matsayin shugabar kamfani, Inna shugabar sashen ninki, shi kuma darakta.

"Madalla," in ji jami'i, yana shafa murfin injin. "Ko za a kunna mu gani?"

"Kash, yallaɓai!" Yaya ya tafa hannu. "Ka ga irin ƙalubalen da muke fuskanta. Ba wuta."

Bai rufe baki ba ƙwan fitila ya kama. Fanka ta yi ƙara, ta fara juyawa a hankali. Rediyon maƙwabci ya ci gaba da labarai daga inda ya tsaya. Shugabar sashen ninki ta ɗaga kai ta dubi fankar, irin kallon da take wa dangin da suka zo ba sanarwa.

Yaya ya dafe aljihu, ya ce masu ruwa da tsaki na kiransa a waya, ya shige bayan labule. Auta ta zuba riguna a cikin gawar, ta rufe, ta danna maɓalli. Shiru. Can sai ga wani gurnani ya taso daga ƙasa, mmmmm, injin ya fara rawa, yana karkata hagu yana karkata dama.

Jami'i ya gyara tsayuwa. "Yana da ƙarfi. Ƙirar wace ƙasa ce?"

"Na gida ne, yallaɓai. Tare muka taso."

"Gajeren wanki kika sa masa ko dogo? Ni ba na rubuta abin da ban gani ba har ƙarshe."

Auta ta tuna rigunan attajiri, da ragin da ya nema, da hangen nesa.

"Dogo na sa."

Injin ya yi wani nishi mai kama da salati. Ya ci gaba dai. Da aka jima ya yi tari, Auta ta ce ɗauraya ya shiga. Kati mai igiya ya leƙo ta ƙarƙashin labule, Inna ta ɗora ƙafa a kai ba tare da ta daina ninke zanin da ta ninke sau ba adadi ba. Daga nan gurnanin ya shaƙe, jami'i ya ce lallai yanzu matsa yake yi.

"Gyara ɗaya nake da shi, Malama," in ji shi da aka gama. "Jijjigarsa ta yi yawa. Ki sa a zuba wa ƙafafunsa siminti, ya zauna wuri ɗaya." Ya zare biron tsakiya ya rubuta haka, ya ɗauki hoto, ya tafi.

Sakamako bai daɗe ba. Ofishi ya gamsu ƙwarai. Sana'ar ta tsaya da ƙafafunta, ba ta buƙatar tallafi. Aka aiko wa Auta takardar yabo a cikin gilashi. Kawu ya karɓi gawarsa domin kyanwa ta hana shi sakat. Yaya ya kwanta rub da ciki a tabarma, Inna na murza masa man zafi a baya, yana bayyana wa tabarmar cewa an dai samu gogewa. Auta ta koma kan bahonta.

Tana cikin cuɗar wani bargo wata safiya sai ga jami'i, takalmi ba sheƙi.

"Malama, manyan baƙi za su zo, waɗanda kuɗin ofishinmu ke fitowa daga wajensu. Suna son ganin wanda ya amfana."

"To a kai su mana."

Ya dubi bango. "An yi taruka da yawa a bana, sun cinye kuɗin tallafin. Kuma hotonki ne a bangon rahoton."

"Ayya. Injin ba shi da lafiya, yallaɓai. Ciwon baya."

Daga cikin gida murya ta taso: "Wallahi ko a yanka ni ba zan ƙara ba!"

Jami'i ya dubi fanka na ɗan lokaci. Ya ce zai san yadda za a yi.

Ana gobe baƙi za su zo, mota ta sauke injin shagon bakin titi, farin nan mai murfi ta sama, har da ledarsa. Jami'i ya maimaita mata cewa aro ne aka karɓo daga mai shago, baƙi na juya baya za a zo a ɗauka. Auta ta ce ta ji. Yana tafiya ta aika a kira mata magini.

Baƙi suka zo da huluna da kyamarori. Injin ya yi wanki lafiya lau, bai yi tari ba, bai yi salati ba. Yaya, a tsaye a karkace, ya yi musu jawabi kan ɗorewa. Wata babbar baƙuwa ta riƙe hannayen Auta ta juya su, ta ce baɗi za ta dawo ta ga hannayen da injin duka. Aka tafa, aka tafi.

Ƙurarsu ba ta kwanta ba jami'i ya shigo da ƙarti biyu. Suka kama, suka ɗaga. Ko gezau. Suka sake kamawa, ɗaya ya yi wani nishi da Yaya ya gane har ya dafe ƙugu. Jami'i ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

"Malama, mene ne wannan?"

"Siminti ne, yallaɓai. Shawararka ce. Da biron tsakiya ka rubuta."

Ya daɗe a durƙushe. Mai shago ba zai karɓi inji da ƙafafu a farfashe ba. Babbar baƙuwa kuma ta ce baɗi. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya sallami ƙartin, ya ce ofishi zai duba yiwuwar shigar da lamarin cikin tsari. A bakin ƙofa ya tsaya ya tuɓe kwat ɗinsa da ta kwashi ƙura, ya miƙa mata, bai nemi ragi ba.

Yaya ya jingina da injin, baki har kunne. "Kin gani ko, Auta? Hangen nesa."

"Na gani, Yaya. Miƙo katin nan, igiyar ta yi baƙi."

Ta jefa shi cikin injin a kan kwat ɗin, ta rufe murfi, ta danna dogo.