Kwandon Wankan Zuliha

Zuliha ce 'yar farin Furera, don haka ko sunanta ba ta kamawa a gaban mutane. "Yarinyar nan" take ce mata. In tana kuka a tsakar gida, sai Furera ta kau da kai ta ci gaba da sussuka, har sai kakarta Inna Kulu ta rarrafo ta ɗauke ta. Wuri ɗaya ne kunyar ba ta bin su, wato bayan ɗaki, inda ake ajiye daron wanka. A can, daga ita sai 'yarta, Furera kan yi dariya har haƙoranta su fito.

Da farko yarinyar ba ta son ruwa. Tana ganin soso za ta kwasa a guje. Ubanta Tasi'u ne ya yi dabara: ya samo gwangwanin madara ya huhhuda gindinsa da ƙusa, ya sassaƙa ɗan jirgi da karan dawa, ya haɗa da ƙaramin ƙoƙo da wani ludayi mai karyayyen hannu. Tun daga ranar sai dai a yi ta fama da ita ta fito daga daro. In an gama, Furera ta ɗauraye kayan ɗaya bayan ɗaya, ta kife su a kan danga su sha iska don kada ƙoƙon ya yi funfuna, sannan ta zuba su a tsohon kwando ta rataye can sama inda akuya ba za ta kai ba.

Sai aka shiga shekarun fari. Ƙauyensu yana gabas da Minjibir, gona manne da gona, amma a shekarar gero ko gwiwa bai kawo ba ya bushe a tsaye. Rumbu ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce. Tasi'u ya bi maza zuwa cirani a kudu, ya bar matarsa da uwarsa da 'yar da ba ta cika shekara huɗu ba. Rijiyar unguwa ta janye, guga sai ya dawo da rabin laka. Wanka ya koma shafa da jiƙaƙƙen tsumma, sai ranar Juma'a Furera kan rage ɗan ruwa a gindin daro ta sauko da kwandon.

Ana cikin haka ƙyanda ta shigo gari. Gida gida take bi, har ta iso kan Zuliha. Manya duk bakinsu ɗaya: mai ƙyanda ba a sa masa ruwa sai ƙurajen sun bushe. Yarinyar tana kwance jiki kamar garwashi, idanu sun yi ja, tana nuna inda kwandon yake.

"Umma, wanka."

"In kin warke," in ji Furera a hankali. "Zan cika miki daro taf."

"Da jirgina?"

"Da jirginki."

Ba ta warke ba. Da hantsi ta cika, a cinyar kakarta. Inna Kulu ce ta yi mata wanka da ruwan da maƙwabta suka tattaro, maza suka ɗauke ta a 'yar tabarma. Masu gaisuwa suka yi ta yaba haƙurin Furera, don ba wanda ya ga hawayenta.

Bayan sadakar bakwai, duk la'asar sai ta zaga bayan ɗaki, ta sauke kwandon, ta wanke kayan da ba wanda ya taɓa su, ta kife a danga, ta zauna tana kallonsu har su bushe. Ruwan da ta yi rabin yini a bakin rijiya kafin ta samu, da shi take yi. Mata suka fara magana. Barira, matar wan mijinta, ta ce da Inna Kulu a yi wa tufkar hanci tun kan Furera bai taɓu ba.

Wata rana Furera ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar da ƙusa kawai a jikin bango. Ta duba bayan danga, ta duba turken awaki, ta zazzage ɗakinta. Sannan ta je ƙofar surukarta ta durƙusa.

"Inna, ko kin ga kwandon nan?"

"Na zubar," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "A kududdufin bayan gari na watsa su. Wanda ya ba ki ita shi ya karɓi abarsa. Ki bar wahalar da kanki, Furera."

Furera ta miƙe. Ta tafi busasshen kududdufin ta yi ta tonon shara da kara har rana ta faɗi, ba ta ga ko ludayin ba. Daga ranar tsakaninta da Inna sai gaisuwa. Takan kai mata kunu ta ajiye a bakin ƙofa ta juya.

Da zafi ya tsananta, ciwon ƙafa ya kwantar da tsohuwar, dole Furera ta shiga yi mata shara. Ta sunkuya ta zura tsintsiya ƙarƙashin gadon kara, sai ta ji ta bugi wani abu. Ta jawo. Kwandon ne, an naɗe shi da zanen saƙin da Inna take ajiyewa don Salla. Kayan suna ciki a jere tsaf, an shafa wa ƙoƙon man gyaɗa don kada ya tsage.

Ta ɗago suka haɗa ido.

"Na kai bakin kududdufin," in ji Inna Kulu. "Hannuna ya ƙi saki. Ƙawata ce fa, Furera. Ke ce kika haifa, amma a bayana ta yi wayo."

Nan Furera ta zube a gaban gadon ta kifa kai a ƙafar tsohuwar. "Zuliha," ta ce, karo na farko da wani ya ji sunan a bakinta. "Zuliha, Inna. Na ce zan cika mata daro." Kukan da ta haɗiye wata da watanni ya ɓalle, har Barira ta leƙo, ta ga su biyu rungume da juna, ta saki labule ta koma.

Da ta natsu, ta mayar da zanen yadda ta same shi ta tura kwandon ƙarƙashin gado.

"Ɗauki abinki," in ji Inna.

"A'a. Ya fi lafiya a nan."

Tasi'u ya dawo gab da shuka, a rame, labari ya riga ya iske shi a hanya. Ya je maƙabarta shi kaɗai, ya dawo ya ɗauki fartanya, bai taɓa tambayar kayan ba. Bayan shekara biyu Furera ta haifi namiji aka sa masa Khalilu. Shi ma ya taso da tsoron ruwa, yana tsala ihu duk ranar wanka. Takan riƙe shi gam ta cuɗa shi da sauri ta goye, tana ba shi haƙuri har ya yi barci.