Haƙoran Wuƙar Auta

Shekara goma sha huɗu Auta tana yankan tumatir da albasa a kicin ɗin wani gidan abinci, har wuyan hannunta na dama ya ce ya gaji. Kullum da safe sai ta tsoma shi a ruwan ɗumi kafin yatsun su yarda su lanƙwasa. Likita ya ce ta huta. Likitoci kam akwai kyautar hutu, kamar su za su ciyar da mutum. Mai gidan abincin kuwa ta fara tsayawa a bayanta tana kallon kwandon da ya ƙi raguwa, kuma Auta ta san ma'anar wannan tsayuwa: akwai masu lafiyar hannu a waje suna jiran gurbinta.

Ranar hutunta ta je shagon kayan kicin. Mai shagon ya ajiye mata wuƙa biyu, ɗaya mai baki sumul, ɗaya mai haƙora kamar zarto.

"Mai sumul ta fi yanka mai kyau," in ji shi, "amma sai kin danna, kuma tana son washi. Wannan kuwa ja kawai za ki yi, haƙoran su yi miki aikin."

Auta ta daɗe tana jujjuya su. Babanta sana'arsa wasa wuƙaƙe, kuma tun tana yarinya ta san yana raina duk wuƙar da ba ta san dutse ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ta ɗauki mai haƙoran.

Kwana shida hannun ya lafa, kwandon na ƙarewa a kan lokaci. A jaka take dawowa da ita gida, don wuƙa a wurin aiki ƙafa gare ta. Rana ta bakwai ta yanka wa Baba burodi da ita, ta manta ta a kan faranti, ta wuni tana fama da tsohuwar wuƙar kicin.

Da yamma ta shigo tana riƙe da hannun, ta tarar da Baba a kan tabarma. Tun da idonsa ya dushe mutane suka daina kawo masa aiki, dutsen washinsa ya koma ƙarƙashin gado. Yau ga dutsen a gabansa, ga kwanon ruwa ya yi baƙi, rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Auta, wa ya yi wa wuƙarki wannan ɓarna?" ya ce. "Giɓi tun daga gindi har tsini. Da yatsa na bi su, talatin da ɗaya. Tun hantsi nake kanta."

Ya miƙo mata. Babu haƙori ko ɗaya, baki ya yi sumul sai sheƙi yake. Takaici ya taso mata, har ta buɗe baki za ta yi faɗa. Sai ta ga babban yatsansa ya saɓule, yana murmushin da ta yi shekara biyu ba ta gani ba. Tausayinsa ya kama ta, ga gajiya kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. "Ta yi kyau."

"Ashe hannun bai mutu ba," ya ce, yana shafa dutsen. "In kin ga wata irinta, kada ki bari a yar. Ki kawo mini."

Washegari kafin ta wuce aiki ta biya shagon. Mai shagon ya gane ta.

"Har ta lalace?"

"An gyara ta ne," in ji Auta. Ta jingina da bango tana murza wuyan hannunta. "Biyu za ka ba ni. Ɗayar ka zaɓo wadda ta fi yawan haƙora, ta babana ce."